ƘWALLON KWANDO: HANNU KE CIN MAKI, BAKI KE ZUBAR DA SHI

Duk wanda ya saba zuwa kallon wasan ƙwallon kwando a zauren wasanni na Babban Filin Wasa na Ƙasa da ke Abuja, wanda tun shekarar 2019 ake kiransa Filin Wasa na Moshood Abiola, ba zai rasa ganin wani abu da kan tayar da hankalin 'yan kallo ba. Ana tsakar wasa, babu wanda ya ture wani, babu wanda ya faɗi, sai a ji alƙalin wasa ya busa usur, ya juya wajen tebur ya haɗa hannuwansa biyu kamar harafin T. Nan take sai a tsai da wasa, a ba wani ɗan wasa ƙwallo ya tafi shi kaɗai gaban kwando ya jefa, babu mai tare shi. Kafin ka ce kwabo zaure ya kaure da ihu, wasu na cewa an yi son kai, wasu na cewa alƙali ya ci kuɗi.

Galibin masu wannan ihu da idon ƙwallon ƙafa suke kallon wasan, domin da ita muka tashi. A ƙwallon ƙafa in ɗan wasa ya yi wa alƙali gardama, iyakarta a nuna masa katin gargaɗi, in abin ya yi tsanani a kore shi, amma ba a ba abokan karawarsa bugun fenareti saboda magana. Dokar ƙwallon kwando ta sha bamban da wannan. A nan magana tana da farashi, kuma da maki ake biyansa nan take. Wannan hukunci shi ne 'yan wasa ke kira tekinikal, mu kuwa a nan za mu kira shi laifin rashin ɗa'a.

Ya kamata mutanen Abuja su fi kowa sanin wannan doka, gama birnin ba baƙo ba ne ga wasan. A nan aka yi Wasannin Afirka a watan Oktoba na 2003. A nan kuma aka yi gasar ƙwallon kwando ta matan Afirka a watan Disamba na 2005, inda matan Nijeriya suka doke na Senegal da maki 64 da 57 suka riƙe kofin da suka fara ɗauka a Maputo a 2003. Har ila yau ƙungiyar Mark Mentors ta Abuja ta sha karawa da Kano Pillars da Gombe Bulls a rukunin Sabana, watau ɓangaren arewa na babbar gasar ƙasa.

Bayanin da za mu yi ya dogara ne kan kundin dokokin hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, na shekarar 2024. Dokokin wannan hukuma ake bi a Nijeriya da sauran ƙasashen Afirka, kuma takan yi musu kwaskwarima bayan 'yan shekaru. Gasar NBA ta Amurka, wadda samarinmu ke kwana kallo a talabijin, tana da nata dokokin dabam. Rabin gardamar da ake yi a filayen unguwanni daga cakuɗa waɗannan dokoki biyu take tasowa.

ASALIN DOKAR

A watan Disamba na 1891 wani malamin motsa jiki ɗan ƙasar Kanada mai suna James Naismith ya ƙago wannan wasa a garin Springfield na Amurka, don ɗalibansa su sami abin yi a cikin ɗaki lokacin hunturu. Ya rataye kwandunan 'ya'yan itace guda biyu a sama, ya rubuta dokoki 13. Abin lura a cikinsu shi ne tun ranar farko ya ɗaure laifi da maki. Ɗaya daga cikin dokokin ta tanadi cewa in ƙungiya ta yi laifi sau uku a jere, ba tare da abokiyar karawarta ta yi ko ɗaya a tsakani ba, to, za a rubuta wa abokiyar karawar ci ɗaya. Ke nan tun fil azal mai laifi a wannan wasa da aljihun ƙungiyarsa yake biya.

Bayan 'yan shekaru aka shigo da jifan kyauta, aka kuma tsai da cewa jefa ƙwallo a kwando ana cikin wasa maki biyu ne, jifan kyauta kuwa maki ɗaya. An kafa FIBA a birnin Jeniba a 1932, wasan ya shiga gasar Olamfik a Balin a 1936, Nijeriya kuma ta shiga hukumar a 1964.

YADDA AKE LISSAFIN MAKI

Tsawon filin wasa mita 28 ne, faɗinsa mita 15, bakin kwando kuma yana sama da ƙasa da mita 3.05. Kowace ƙungiya tana da 'yan wasa biyar a fili. Ana yin wasa zubi huɗu, kowane zubi minti 10, in an tashi kunnen doki a ƙara minti 5, a yi ta ƙarawa har sai an sami gwani. Ba a tashi canjaras a ƙwallon kwando.

Maki iri uku ne. Jifan kyauta, wanda ake yi daga layin da ke mita 5.80 daga ƙarshen fili, maki ɗaya ne. Jifan da aka yi daga cikin babban layin nan mai kama da baka maki biyu ne. Wanda aka yi daga bayansa kuwa maki uku ne. FIBA ta karɓi wannan layi a 1984, ta shata shi a kan mita 6.25 daga tsakiyar kwando, sa'an nan a 2010 ta matsar da shi zuwa mita 6.75. A NBA, inda aka fara amfani da shi a 1979, ya kai mita 7.24 a tsakiya. Ƙafar mai jifa alƙali ke dubawa. In ɗan yatsan ƙafarsa ya taɓa layin sa'ad da zai yi tsalle, maki biyu ne, ko da kuwa ƙwallon ta yi tafiyar mita bakwai. In kuwa ya tashi daga bayan layin ya saki ƙwallo a sama, sa'an nan ya dira a ciki, maki ukunsa na nan.

Nijeriya ta ɗanɗana ɗaci da zaƙin wannan layi. A gasar Olamfik ta Landan a 2012, Amurka ta lallasa mazanmu da maki 156 da 73. A wannan dare Amurkawa sun ci jifa mai maki uku har 29, watau maki 87 ke nan daga bayan layi kaɗai, fiye da duk abin da 'yan wasanmu suka tara. Bayan shekara tara, ranar 10 ga Yulin 2021, a wasan share fage da aka yi a Las Vegas, Nijeriya ta rama da irin makamin da aka sare ta da shi. Ta ci jifa mai maki uku guda 20, maki 60 ke nan daga cikin 90 da ta samu, ta doke Amurka da 90 da 87. Wannan ne karo na farko da wata ƙasar Afirka ta yi galaba a kan mazan Amurka. A lura da tazarar, maki uku tak.

Akwai wasu ƙananan dokoki na cin maki da kan rikita 'yan kallo. In ƙwallo ta bar hannun mai jifa kafin ƙararrawar tashi ta kaɗa, sa'an nan ta faɗa kwando bayan ƙararrawar, ci ne. In ɗan wasa ya jefa ƙwallo a kwandon ƙungiyarsa bisa kuskure, akan rubuta wa kyaftin ɗin abokan karawa maki biyu, amma in da gangan ya yi, ba a lissafa ta. In ƙwallo ta juyo tana gangarowa zuwa kwando tana sama da bakinsa, mai tsaron gida ba shi da ikon taɓa ta, in ya taɓa a ba mai jifa makinsa kamar ta shiga. Amma da zarar ta bugi ƙarfen kwando, dokar FIBA ta yarda kowa ya kaɗe ta, abin da NBA ta hana muddin tana saman bakin kwandon. Yaron da ya koyi doka daga talabijin sai ya ga an kaɗe ƙwallo daga kan ƙarfe alƙali bai busa ba, ya buɗe baki ya yi ta masifa, ya jawo wa ƙungiyarsa hukunci a kan abin da shi ne bai sani ba.

Daɗin daɗawa, ƙungiyar da ƙwallo ke hannunta tana da daƙiƙa 24 ta kai hari, daƙiƙa 8 ta tsallake tsakiyar fili, mai jifan kyauta kuma yana da daƙiƙa 5. In abin da ya rage a agogo bai kai kashi uku cikin goma na daƙiƙa ba, doka ta ce ba zai yiwu mutum ya cafe ƙwallo ya jefa ba, sai dai ya doke ta da tafin hannu ko ya dankara ta kai tsaye a kwando.

LAIFI IRI-IRI

Laifin da aka fi gani shi ne na taɓa jiki, kamar turewa, ko riƙewa, ko bugun hannun mai jifa. In an yi wa mutum wannan yana cikin jifa kuma ƙwallon ta shiga, a lissafa masa makinsa a ƙara masa jifan kyauta ɗaya. In ba ta shiga ba, a ba shi jifa biyu, ko uku in daga bayan layi yake. Ɗan wasan da laifinsa ya kai biyar ya gama wasan ranar, sai a sa wani a madadinsa. Haka nan in laifuffukan ƙungiya suka cika huɗu a zubi ɗaya, duk laifin da masu tsaron gidanta suka ƙara yi a wannan zubi jifa biyu ne ga abokan karawa.

Na biyu shi ne laifin ƙeta, watau taɓa jikin da ya wuce kima, ko wanda aka yi ba da nufin neman ƙwallo ba, alal misali a finciko rigar wanda ya tsere shi kaɗai zai kai ga kwando. Hukuncinsa jifa biyu ne, kuma ƙwallo ta zauna a hannun waɗanda aka yi wa laifin. Na uku shi ne laifin kora, kamar naushi ko shuri, wanda mai yinsa zai bar fili da benci gaba ɗaya ya koma ɗakin canja kaya. Na huɗu shi ne wanda ya tara mu.

LAIFIN RASHIN ƊA'A

Wannan laifi ne na hali, wanda babu taɓa jiki a cikinsa. Kundin dokoki ya ɗauka cewa wasa ba zai tafi daidai ba sai 'yan wasa da masu horarwa da mazauna benci sun ba alƙalai haɗin kai, saboda haka ya jero abubuwan da ke jawo shi. Akwai ƙin jin gargaɗin alƙali. Akwai yi wa alƙalai, ko ma'aikatan tebur, ko abokan karawa magana ta raini. Akwai zagi ko nuni da hannu da zai ɓata wa 'yan kallo rai ko ya tunzura su. Akwai tsokanar abokin karawa, da kaɗa masa hannu a gaban ido don kada ya gani, da wurwura gwiwar hannu fiye da kima ko da ba ta sami kowa ba. Akwai ɓata lokaci, kamar mutum ya ci ƙwallo sa'an nan ya kaɗe ta don kada abokan karawa su fito da ita da sauri. Akwai lilo a jikin ƙarfen kwando, sai fa in don gudun rauni aka yi. Akwai kuma faɗuwar ƙarya, watau mutum ya zube ƙasa don a zaci ture shi aka yi.

Alƙalin da ya san aikinsa ba ya gaggawar yanke wannan hukunci. Doka ta ba shi damar yin gargaɗi, har ma ya kau da kai daga ƙananan abubuwan da aka yi ba da niyya ba, in ba su shafi wasan ba. A kan faɗuwar ƙarya da ɓata lokaci, yawanci gargaɗi ake fara yi, kuma gargaɗin da aka yi wa ɗan wasa ɗaya ya hau kan ƙungiyarsa duka. In wani daga cikinsu ya maimaita, ba a sake ja masa kunne.

Hukuncin ya sauya har sau biyu a 'yan shekarun nan. Kafin 2014 jifa biyu ne tare da miƙa ƙwallo ga abokan karawa. A 2014 aka rage shi zuwa jifa ɗaya da miƙa ƙwallo. Daga 2018 kuwa sai ya koma jifa ɗaya kurum, sa'an nan a ci gaba da wasa daga inda aka tsaya, ƙwallo ta koma hannun ƙungiyar da take riƙe da ita. Mai horar da abokan karawa shi ke zaɓen wanda zai yi jifan, kuma ba shakka gwaninsa zai tura.

Mai karatu na iya cewa, to, maki ɗaya ai ba wani abu ba ne. Sai mu duba lissafin. A ce mai tsaron gida ya bugi hannun mai jifa daga bayan layi, ƙwallo kuma ta shiga. Maki uku ke nan, ga jifan kyauta ɗaya. Sai zuciya ta ɗebe shi ya yi wa alƙali tsawa, a yanke masa laifin rashin ɗa'a, a ƙara jifa ɗaya. A hari guda ƙungiyarsa na iya asarar maki biyar, shi kuma an rubuta masa laifi biyu daga cikin biyar ɗin da yake da su, domin a dokar FIBA laifin rashin ɗa'a yana shiga lissafin laifuffukan ɗan wasa, yana kuma shiga na ƙungiya. Bugu da ƙari, ɗan wasan da aka yanke wa wannan laifi sau biyu, ko laifin ƙeta sau biyu, ko ɗaya na wannan ɗaya na wancan, an kore shi ke nan daga wasan. Hausawa sun ce baki shi ke yanka wuya.

Mai horarwa ma bai tsira ba, hasali ma kayan da ke kansa sun fi nauyi. In shi da kansa ya yi rashin ɗa'a sau biyu, a kore shi. In kuwa wani mazaunin benci ne ya yi, ko ɗan wasan da ke jiran canji, ko mataimaki, ko mai kula da lafiyar 'yan wasa, a kan mai horarwa ake rubutawa, kuma in suka taru suka kai uku sai ya fita. Ke nan mai horarwa na iya barin fili bai ce uffan ba, saboda ya kasa tsawata wa mutanensa. Hikimar wannan doka a fili take. Maigida shi ake tambaya in yaran gidansa sun yi ɓarna.

ABIN DA YA FARU GA WASU

A watan Afrilun 1993 aka yi wasan ƙarshe na gasar jami'o'in Amurka tsakanin Michigan da North Carolina. Saura daƙiƙa 11 a tashi, Michigan na baya da maki biyu, 73 da 71, ƙwallo kuma tana hannun gwarzonsu Chris Webber. Da ya ga an rutsa shi a kusurwa sai ya nemi hutun shawara, alhali ƙungiyarsa ta riga ta cinye nata. A dokar can wannan laifin tekinikal ne. Aka ba North Carolina jifa da ƙwallo, aka tashi 77 da 71. Webber ya yi shekaru yana haskakawa a NBA bayan haka, amma har yau in an ambaci sunansa wannan dare ake fara tunawa. A dokar FIBA irin wannan ba ta tasowa, domin ɗan wasa ba ya neman hutu, sai mai horarwa ko mataimakinsa na farko, kuma ta wajen tebur.

Wani ɗan wasan NBA, Rasheed Wallace, an yanke masa wannan laifi sau 41 a kakar wasa ta 2000 zuwa 2001. Daga baya hukumar gasar ta kafa doka cewa duk wanda nasa ya kai 16 a kaka ɗaya za a dakatar da shi wasa guda, ban da tarar kuɗi da ake cin sa a kan kowane ɗaya.

Mafi muni shi ne abin da ya auku ranar 2 ga Yulin 2018 a wasan neman shiga gasar cin kofin duniya tsakanin Filifin da Ostareliya. Tsokana ta yi tsokana har dambe ya ɓarke, mazauna benci suka kwararo cikin fili. Doka ta ce duk mazaunin bencin da ya tsallako lokacin faɗa korarre ne, in ban da mai horarwa da mataimakinsa na farko, su ma sai in rabon faɗa suka shigo yi. Alƙalai suka kori mutum 13, tara na Filifin, huɗu na Ostareliya. Filifin ta ci gaba da 'yan wasa uku, har aka kai ga saura ɗaya, aka tsai da wasan a kan 89 da 53, gama doka ba ta yarda ƙungiya ta yi wasa da ƙasa da mutum biyu ba.

MUTANEN TEBUR

Alƙalai uku ne ke cikin fili a manyan wasanni, shugaba da mataimaka biyu. Amma akwai wasu mutum huɗu da ke zaune a tebur a gefen fili, waɗanda 'yan kallo ba su cika kula da su ba: mai rubuta maki, da mataimakinsa, da mai agogon wasa, da mai agogon daƙiƙa 24. Wani lokaci akan zaunar da kwamishinan wasa a tsakiyarsu. Duk alamar da alƙali ya yi da hannu, da su yake magana. Su ne ke sanin wa ya cika laifi biyar, wace ƙungiya ta cika huɗu, wane mai horarwa ya kai ga kora. In allon maki da ke sama ya saɓa da takardar da ke tebur, aka kasa gano inda kuskuren yake, takardar ake bi.

Wanda ke shakkar nauyin wannan tebur sai ya tuna wasan ƙarshe na Olamfik a Munik, a watan Satumba na 1972, tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet. Tun 1936 ba a taɓa cin Amurka ba a gasar. Saura daƙiƙa uku, Doug Collins ya ci jifan kyauta biyu, Amurka ta shige gaba da 50 da 49. Sobiyet suka fito da ƙwallo, sai aka tsai da wasa saboda hayaniya a tebur, inda masu horar da su ke cewa sun nemi hutu ba a ba su ba. Babban sakataren FIBA na lokacin, William Jones, ya sauko ya ce a mai da agogo daƙiƙa uku. Aka sake fitowa da ƙwallo kafin a gama daidaita agogon, ƙararrawa ta kaɗa, Amurkawa suka ɓarke da murna. Aka ce a sake. A karo na uku Ivan Edeshko ya wurga ƙwallo tun daga wannan ƙarshen fili zuwa wancan, Alexander Belov ya cafe ya jefa, aka tashi 51 da 50. Amurka ta ɗaukaka ƙara, kwamitin mutum biyar ya yi watsi da ita da ƙuri'a uku da biyu, 'yan wasanta kuma suka ƙi karɓar lambar azurfa. Shekara fiye da hamsin ke nan ba a daina gardama a kan waɗannan daƙiƙoƙi uku ba, kuma tushen rikicin duk a tebur yake.

Saboda irin wannan ne aka tsara hanyar kai kuka. Ana cikin wasa, kyaftin yana da ikon tambayar alƙali bayani cikin ladabi sa'ad da ƙwallo ta mutu aka tsai da agogo. Inda akwai na'urar bidiyo, alƙalai na iya komawa su duba ko jifa na maki biyu ne ko na uku, ko ƙwallo ta bar hannu kafin ƙararrawa. Tun 2022 aka ba kowane mai horarwa damar ya nemi a duba bidiyo sau ɗaya a wasa. In kuma ƙungiya ta ga an yi kuskure a rubutun maki ko a agogo ba a gyara ba, kyaftin zai sanar da shugaban alƙalai cikin minti 15 da tashi, ya sa hannu a gurbin da aka tanada a takardar maki, sa'an nan a bi da bayani a rubuce. Ƙungiyar da ta yi fushi ta fice daga fili kuwa, an cinye ta ke nan da 20 da nema, kuma ba ta da ko maki ɗaya a teburin gasa, alhali wadda ta tsaya aka cinye ta a fili tana samun ɗaya.

INA MUKA KWANA A GIDA?

Allah ya hore wa ƙasar nan 'yan wasa. Mazanmu sun ɗauki kofin Afirka a Tunisiya a 2015 bayan sun doke Angola da 74 da 65. Matanmu sun ɗauke shi sau biyar a jere daga 2017 zuwa 2025, kuma a Olamfik ta Faris a 2024, ƙarƙashin Rena Wakama, sun zama ƙungiyar Afirka ta farko, ta maza ko ta mata, da ta kai zagayen ƙungiyoyi takwas na ƙarshe. Masai Ujiri, wanda ya jagoranci Toronto Raptors ta ɗauki kofin NBA a 2019, a Zariya ya tashi, a can kuma ya koyi wasan. A fannin alƙalanci ma, Kingsley Ojeaburu yana cikin waɗanda suka busa usur a Olamfik ta Tokiyo a 2021.

Sai dai alƙali ba ya ƙwarewa a cikin aji, sai a fili, fili kuma sai da gasa mai ɗorewa. A watan Yunin 2017 aka yi zaɓen shugabannin hukumar ƙwallon kwando ta Nijeriya har biyu, ɗaya a Kano ɗaya a Abuja. A Janairun 2022 aka maimaita, ɗaya a Benin ɗaya a Abuja. A watan Mayu na wannan shekara Gwamnatin Tarayya ta janye ƙasar daga wasannin duniya, kuma kafin ta soke matakin a watan Yuni an riga an ba Mali gurbin matanmu a gasar cin kofin duniya ta Sidni. A tsawon wannan ja-in-ja gasar cikin gida ta yi ta tangal-tangal, kuma duk kakar da ba a yi wasa ba, alƙalai da ma'aikatan tebur sun yi asarar makarantarsu ke nan. Yana da wuya manya su yi ta ƙin yarda da hukunci a ofis, sa'an nan a ce yaro ya yarda da shi a fili.

Saboda haka muna kira ga hukumar wasanni ta Birnin Tarayya da na jihohi da su riƙa shirya kwas na alƙalai da na ma'aikatan tebur a kai a kai, musamman duk shekarar da FIBA ta sabunta kundinta, kada a zo ranar gasa a ɗauko wani daga cikin 'yan kallo a miƙa masa agogo. Ba a fafe gora ranar tafiya. Zai kuma yi amfani ƙwarai a fassara muhimman dokokin nan da Hausa a raba wa makarantun sakandare, gidajen rediyo su ma su taimaka da bayani.

Malaman wasanni da masu horarwa kuwa, su koya wa yaro riƙe harshensa ranar da suka koya masa riƙe ƙwallo, tun da icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Su sanar da shi cewa alƙali mutum ne, yana iya kuskure, amma gardama ba ta sa ya janye usur da ya riga ya busa, sai dai ta ƙara wa abokan karawa maki. 'Yan kallo kuma, in suka ga alƙali ya haɗa hannuwa ya yi alamar T, kafin su tashi da ihu su fara tambayar abin da ɗan wasansu ya faɗa.